Allon jikin ɗan Adam mai hawa-hawa: yadda aikin yake tafiya

9 ga Janairu

Allon katakon ya samu, tsawonsa santimita 180, na kuma zana siffar mutum a kansa da fensir: yana tsaye, hannuwa a sake, tafukan suna kallon gaba, yadda masu ilimin sassan jiki suka saba tsayar da shi. In an ce dama, damar mutumin da ke jikin allo ake nufi. Na rubuta hakan da manyan baƙaƙe a sama, domin a nan ne ɗalibai kan fara rikicewa, su kai hanta hagu.

Niyyata ita ce in zana kowane tsari na jiki a kan leda mai kauri wadda ake ganin abin da ke bayanta, in rataye ledojin a ƙusa biyu a saman allon, ta yadda za a riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Littattafan makaranta galibi suna raba jiki tsari 11: fata, ƙashi, tsoka, jijiyoyin saƙo, sinadaran homon masu kai umarni ta cikin jini, zagayen jini, garkuwar jiki, numfashi, narkar da abinci, fitsari, sai haihuwa. Rabon yana da amfani wajen koyarwa, amma kowane tsari shafinsa daban, hotonsa daban. Yaro sai ya ci jarrabawa alhali bai san ƙoda a bayan hanji take ba, bai san zuciya a tsakanin huhu biyu take zaune ba. Wannan giɓin nake son allon ya toshe.

16 ga Janairu

Kafin in taɓa leda ko ɗaya, na ware gefen allon na hagu don matakan ginin jiki, daga ƙarami zuwa babba.

A ƙasa akwai ƙwayar halitta. Lissafin da masana suka yi a shekarun baya-bayan nan ya sa adadinsu a jikin baligi tsakanin tiriliyan 30 da 37, kuma abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne fiye da kashi 80 cikin 100 na wannan adadi jajayen ƙwayoyin jini ne. Su ne mafi yawa, ga su ƙanana ƙwarai, ba su ma da cibiyar da sauran ƙwayoyi ke ajiye bayanan gado a ciki. A ƙarƙashin zanen na rubuta suna biyu: Robert Hooke, wanda ya leƙa ɓawon itace da madubin ƙara girma ya ga ƙananan ɗakuna a 1665, da Rudolf Virchow, wanda ya tsaya a kan cewa kowace ƙwaya daga wata ƙwayar take fitowa.

Mataki na biyu shi ne inda ƙwayoyi masu kama da juna suka haɗu suka yi saƙa guda. Iri huɗu ne kacal: mai shimfiɗa, wadda ke rufe fata da cikin hanji da cikin jijiyoyin jini, mai haɗawa, wadda ƙashi da guringuntsi da kitse har da jini kansa ke cikinta, tsoka, sai saƙar jijiyoyin saƙo. Na ba kowace launinta, kuma da launukan nan huɗu zan yi aiki har ƙarshe. Wani likitan Faransa, Xavier Bichat, wanda ya rasu a 1802 yana ɗan shekara 30, shi ya fara nuna cewa gaɓoɓi daban-daban da kayan gini iri ɗaya aka yi su. Ya ƙirga iri 21, kuma bai yi amfani da madubin ƙara girma ba.

Tumbi na ɗauka a matsayin misalin mataki na uku, wato gaɓa, don dukkan nau'o'in saƙa huɗun suna cikinsa: shimfiɗa daga ciki mai fitar da ruwan tsami, tsoka mai murɗa abinci, jijiyoyi masu ba ta umarni, da mai haɗawa da ke riƙe su wuri ɗaya. Daga gaɓa sai tsari, daga tsari sai mutum.

27 ga Janairu

Ledar ƙashi ta ci lokaci. Ƙasusuwan baligi 206 ne, jariri kuwa da wajen 270 ake haifarsa, wasu su haɗe daga baya. Fiye da rabinsu a hannuwa da ƙafafu suke: kowane hannu, daga wuyansa zuwa yatsu, 27, kowace ƙafa 26. A nan na daɗe, saboda ƙananan ƙasusuwan wuyan hannu takwas sai an bi su a hankali. Ƙashin baya na zana shi gaɓa-gaɓa: 7 a wuya, 12 a ƙirji inda haƙarƙari 12 na kowane gefe ke maƙale, 5 a ƙugu, sai waɗanda suka haɗe a ƙasa. Mafi ƙanƙanta duka yana cikin kunne, tsawonsa wajen milimita 3, don haka ɗigo kawai na yi masa da kibiya.

Tun a wannan leda ta farko rabon littafi ya fara ƙin zama. Na yanka ƙashin ƙugu a zane don a ga ɓargo, sai tambaya ta taso: ɓargo na ledar ƙashi ne ko na ledar jini? A cikinsa ake ƙera jajayen ƙwayoyin jini, wajen miliyan 2 a kowace daƙiƙa, don maye gurbin waɗanda suka cika kwanakinsu 120. Haka kalsiyam: kashi 99 cikin 100 na wanda ke jiki a ƙashi yake, amma ɗan abin da ya rage yana yawo a jini, da shi tsoka ke motsi, da shi zuciya ke bugawa, da shi jini ke daskarewa a kan rauni. In ya yi ƙasa a jini, wasu ƙananan gaɓoɓi huɗu da ke bayan maƙogwaro su aika homon, a ɗebo daga ƙashi a cike. Wato ƙashi abu ne mai rai, ana rushe shi ana sake gina shi muddin mutum na numfashi.

Na kewaye wurin ɓargon da ɗan jan da'ira. Duk inda tsari ya ratsa cikin wani, irin wannan alamar zan riƙa sawa.

3 ga Fabrairu

Tsokoki sun haura 600, ba kuma zan zana su duka ba. Na zaɓi manyan da mutum zai iya taɓawa a jikinsa: na dantse gaba da baya, na cinya, na ƙwauri, na ciki, na kafaɗa. Darasin da nake so ya fito ɗaya ne: tsoka ja take yi, ba ta turawa, shi ya sa suke aiki bibbiyu. Ta gaban dantse ta lanƙwasa gwiwar hannu, ta baya ta miƙar da ita. Na bar gefen dama na ledar babu zane don a ga ƙashin da ke ƙasa da inda agara ke kama shi.

14 ga Fabrairu

Zuciya da jijiyoyin jini. Wannan ce ledar da na fi ɗoki, ita ce kuma ta fi wuyar tsarawa, domin babu lungun da jini bai shiga ba, in ka zana duka sai ta rufe komai.

Zuciyar na sa ta a tsakiyar ƙirji, bayan ƙashin ƙirji, ƙarshenta ya karkata hagu. Ɗakuna huɗu. Bangon ɗakin ƙasa na hagu na yi shi da kauri kusan ninki uku na na dama, don haka yake a zahiri: na dama huhu kawai yake tura wa jini, ga shi nan kusa, na hagu kuwa har ɗan yatsan ƙafa. Kowane bugu yana fitar da wajen mililita 70. In mutum na hutawa, zuciya na bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, abin da ke ba da kimanin lita 5, kusan dukkan jinin da ke jikinsa ke nan. A kowane minti jininka gaba ɗaya ya zaga ya dawo. Kuma ba ta jiran umarnin ƙwaƙwalwa kafin ta buga: wasu 'yan ƙwayoyi a saman ɗakin dama su ke kunna wutar kowane bugu, ƙwaƙwalwa sai dai ta ce a ƙara sauri ko a rage.

A gefen zanen na rubuta tarihin gano wannan zagaye, don ina ganin ya kamata ɗalibi ya san ba a rana ɗaya aka fahimce shi ba. Fiye da shekara dubu likitoci na bin maganar Jalinus, wani likitan Girkawa na zamanin dā, cewa jini na ratsawa daga dama zuwa hagu ta wasu ƙofofi da ido ba ya gani a bangon tsakiyar zuciya. Ibn al-Nafis, wanda ya yi karatu a Dimashƙa, ya yi aiki a Alƙahira, ya rasu a 1288, ya ce bangon nan toshe yake, dole jini ya bi ta huhu kafin ya isa hagu. A 1628 William Harvey na Ingila ya kawo hujjar lissafi: jinin da zuciya ke fitarwa cikin ɗan lokaci ya fi ƙarfin abin da jiki zai iya ƙerawa daga abinci, don haka jinin ɗaya ne yake zagayawa. Abin da Harvey bai gani da idonsa ba shi ne inda jijiyoyi masu fita da jini ke haɗuwa da masu dawo da shi. Marcello Malpighi na Italiya ne ya ga siraran jijiyoyin nan a huhun kwaɗo a 1661, shekara huɗu bayan rasuwar Harvey.

Waɗannan siraran su ne matsalata yanzu. Kaurin bangonsu ƙwaya ɗaya ne, faɗinsu kuma bai wuce jajayen ƙwayoyi su bi layi ɗaya bayan ɗaya ba. A cikinsu ne duk musayar ke faruwa. Manyan jijiyoyin da ke da daɗin zanawa isar da kaya kawai suke yi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne wanda alƙalami ba zai iya zana shi a girmansa ba. Na bar fili a gefen dama na allon, zan san yadda zan yi da shi.

21 ga Fabrairu

Huhu ya hau. Na dama kashi uku, na hagu kashi biyu, da ɗan loko inda zuciya ta kwanta. Da na ɗora ledar a kan ta jini, lokon ya faɗa daidai kan zuciyar, na ji daɗi sosai, don irin wannan dacewar ce dalilin aikin gaba ɗaya.

Huhu ba ya jawo iska da kansa. Faffaɗar tsokar da ta yi shamaki tsakanin ƙirji da ciki ce ke sauka, haƙarƙari su buɗe, fili ya ƙaru, iska ta shigo, wajen rabin lita a kowane numfashi, sau 12 zuwa 20 a minti. Bututun iska na rarrabuwa har su ƙare a ƙananan jakunkuna miliyan ɗaruruwa, kowace a nannaɗe da siraran jijiyoyin jini. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kashi 21 cikin 100, wadda muke fitarwa tana da wajen 16, iskar kabon kuwa daga kusan babu ta haura zuwa kashi 4.

Wani abu da zan tabbatar ya shiga bayanin gefe: in ka riƙe numfashi, abin da ke matsa maka ka saki shi ne taruwar iskar kabon, wadda ke sa jini ya ɗan yi tsami. Gindin ƙwaƙwalwa na jin wannan canji nan take. Jijiyar da ke ba tsokar shamaki umarni kuma daga lakar wuya take fitowa, shi ya sa karayar wuya daga can sama kan tsayar da numfashi ko da huhu lafiyarsa ƙalau. Jan da'ira biyu ke nan suka ƙaru.

2 ga Maris

Wani tsohon likita da nake girmamawa ya zo ya duba aikin yau, daidai ina kan kayan ciki. Ya daɗe yana ɗaga ledoji yana saukewa bai ce komai ba. Daga baya ya sa yatsa a kan ƙaramin hanji ya ce, "Malam, abincin da ya fita daga nan, ina ya nufa?" Na ce jini. Ya ce, "To, nuna wa yara hanyar."

Ya yi gaskiya, kuma ita ce hanyar da ta fi cancantar a nuna. Daga baki zuwa ƙarshe bututu ɗaya ne: maƙoshi, tumbi mai ruwan tsami, ƙaramin hanji mai tsawon wajen mita 6, babban hanji mai mita ɗaya da rabi. Abin da ke cikin bututun nan bai shiga jiki ba tukuna, sai ya ratsa bangon hanji. Jinin da ya kwashe shi kuwa ba zuciya yake fara zuwa ba. Wata babbar jijiya ce ke tattara shi daga hanji da tumbi da saifa ta kai shi hanta. Hanta, mai nauyin wajen kilo ɗaya da rabi, ita ke fara tantancewa: ta ajiye rarar sukari, ta warware guba da magunguna, ta ƙera furotin ɗin jini, ta mayar da sharar furotin abin da ƙoda za ta iya fitarwa, ta kuma yi ruwan ɗacin da matsarmama ke tarawa don narkar da mai. Shi man da aka narkar wata hanyar yake bi, ta bututun ruwan kaluluwa, sai can kusa da wuya ya faɗa cikin jini.

Na zana jijiyar hantar da shunayya don ta bambanta. Likita ya kuma ƙara mini wani lissafi: ruwan da ke zuba cikin bututun abinci a yini, da wanda aka sha da miyau da ruwan tumbi da na sauran gaɓoɓi, yakan kai lita 8 zuwa 9, kuma hanji na mayar da kusan dukkansa. Wannan ne ya sa gudawa mai tsanani ke iya kashe ƙaramin yaro cikin ɗan lokaci: mayarwar ce ta tsaya. Na ce, "Likita, wannan kam sai ya shiga allo." Ya shiga.

11 ga Maris

Ƙoda biyu, a baya, a gefen ƙashin baya, haƙarƙarin ƙasa na ɗan kare samansu, ta dama ta ɗan fi sauka saboda hanta. Ledarsu dole ta zauna a ƙarƙashin ta hanji.

Ina rubuta alƙalumansu ne tsarin allon gaba ɗaya ya bayyana mini. Kowace ƙoda tana da ƙananan matata wajen miliyan 1. Su biyun ba su kai rabin kilo ba, amma suna karɓar kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke fitarwa. Suna tace ruwa wajen lita 180 a yini, fitsarin da ke fita kuwa lita ɗaya da rabi ne ko kusa da haka. Sauran duk mayarwa ake yi, ana aunawa: gishiri kaza, ruwa kaza, sukari duka. Wace gaɓa ce za ta yi wannan wahala don zubar da shara kawai? Aikin ƙoda na gaskiya shi ne daidaita ruwan jiki. Tana kuma fitar da homon da ke gaya wa ɓargo ya ƙara ƙera jini in oksijin ya yi ƙasa, tana da hannu a hawa da saukar ƙarfin jini, tana kammala sarrafa bitamin D da hanji ke buƙata don tsotse kalsiyam. Jajayen da'irori huɗu a gaɓa ɗaya.

Mutum mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da ruwa wajen lita 42. Lita 28 na cikin ƙwayoyin halitta, wajen 3 ruwan jini ne, sauran 11 kuma suna kwance a tsakanin ƙwayoyin. Wannan na ƙarshen ba shi da babi a littafi, alhali a cikinsa kowace ƙwaya take zaune, kamar kifi a tafki: daga shi take ci, daga shi take shaƙa, a cikinsa take zubar da shararta. In tafkin ya ɓaci, kifin ba shi da wurin gudu. Huhu na zuba masa oksijin yana kwashe kabon, hanji da hanta na zuba abinci, ƙoda na gyara gishiri da ruwa, fata na rage zafi, zuciya na juya shi kada ya tsaya, jijiyoyi da homon na sa ido. Claude Bernard na Faransa, wanda ya rasu a 1878, shi ya fara cewa dawwamar wannan muhalli na ciki ita ce sharaɗin rayuwa, Walter Cannon na Amurka kuma ya faɗaɗa maganar a shekarun 1920 da 1930. Iyakokin matsattsu ne ƙwarai. Zafin jiki na zagaye digiri 37. Ma'aunin tsamin jini na tsakanin 7.35 da 7.45. Sukarin da ke yawo a dukkan jinin mutum mai lafiya bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, ko ya ci ko ya kwana bai ci ba yana komawa kusa da nan.

Filin da na bari a dama ya sami aikinsa. Zan zana babban da'ira, ƙwayoyi kaɗan a ciki, siririyar jijiyar jini na ratsawa, ruwan tsakani a kewaye. Kowace leda za ta sami kibiya ɗaya da ke zuwa wannan da'ira, da rubutun abin da take kawowa ko take ɗaukewa.

13 ga Maris

Da'irar ta hau. Na ƙara wani siririn bututu mai toshe a baki a cikinta, don ruwan da ya tsiyaye daga jijiyar jini ba duka yake komawa ba. Ragowar, lita kaɗan a yini, ta nan take bi, ta ratsa kaluluwa inda fararen ƙwayoyin jini ke bincikar ta, sannan ta koma jini. In hanyar ta toshe, ƙafa ko hannu ya kumbura. Ledar garkuwar jiki daga nan za ta taso.

25 ga Maris

Na yanke shawarar haɗa jijiyoyin saƙo da homon a leda ɗaya, ko da yake littafi ya raba su. Aikinsu ɗaya ne, isar da umarni. Bambancin a sauri yake da daɗewa. Saƙon jijiya na iya gudun mita 100 ko fiye a daƙiƙa, ya je wuri ɗaya tak, ya wuce. Homon kuwa cikin jini ake zuba shi, ya zaga ko'ina, ƙwayar da ke da wurin karɓarsa ce kaɗai za ta amsa, kuma tasirinsa kan ɗauki mintoci ko kwanaki ko shekaru, kamar na girma da balaga.

Ƙwaƙwalwa nauyinta wajen kilo 1.4, kashi 2 cikin 100 na jiki, amma tana cin kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa a lokacin hutu. Ƙwayoyin saƙonta kimanin biliyan 86 ne. Jijiyoyi 12 na fita daga kowane gefenta, 31 kuma daga kowane gefen laka. Na zana hanyar da hannu ke bi ya janye daga wuta: saƙo ya shiga laka, umarni ya fito daga laka, hannu ya janye kafin ƙwaƙwalwa ta san an ƙone. Na kuma bi jijiya ta goma cikin 12 ɗin nan da alƙalami daga gindin ƙwaƙwalwa, ta wuya, zuwa zuciya da huhu da tumbi da hanji, domin ita ce shaidar cewa mafi yawan aikin wannan tsari ba da saninmu ake yin sa ba.

Inda tsarin biyu suka haɗu shi ne ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wurin da wata ƙaramar gaɓa ke rataye tana ba sauran gaɓoɓin homon umarni. Wurin da ke samanta shi ke auna zafin jini da gishirinsa, shi ke kawo ƙishirwa. Fankiriyas kuma, wata gaɓa da ke bayan tumbi, na bayyana shi a leda biyu, don yana zuba ruwan narkar da abinci a hanji, yana kuma zuba insulin, homon da ke daidaita sukari, a jini. An ware insulin a Toronto a 1921, a aikin Frederick Banting da Charles Best, kuma kafin nan yaron da jikinsa ya daina yin sa ba ya daɗewa a duniya. Ina so ɗalibai su ji nauyin wannan: sinadari ɗaya daga gaɓa ɗaya, in ya ɓace, duk sauran tsare-tsaren ba za su iya riƙe mutum ba.

6 ga Afrilu

Gwajin farko da ɗalibai. Ban fara da bayani ba. Na sa ɗaya daga cikinsu ya ƙirga bugun jijiyar wuyan hannunsa, ya yi gudu a wuri ɗaya na ɗan lokaci, ya sake ƙirgawa. Sai na tambaye su me ya canza, kuma wa ya ba da umarni.

Muka bi abin a allo. Tsokokin cinya sun ƙona sukari da oksijin, sun zuba kabon da zafi a ruwan tsakani. Numfashi ya ƙaru. Zuciya ta ƙara sauri da ƙarfi, tana iya kaiwa lita 20 a minti ko fiye a wurin matashi mai lafiya. Jijiyoyin hanji sun tsuke don jini ya karkata zuwa tsoka. Gaɓoɓin da ke kan ƙoda sun saki adirenalin, hanta ta fito da sukarin da ta ajiye. Fata ta yi gumi, ruwan jiki ya ragu, sai homon ya sauko daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ya ce wa ƙoda ta riƙe ruwa. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, shi ya sa fitsari ke yin duhu in mutum ya sha gumi?" Ita da kanta ta haɗa fata da ƙwaƙwalwa da ƙoda, ba wanda ya gaya mata. Abin da nake nema ke nan tun watan Janairu.

Gwajin ya kuma nuna gyare-gyare. In ledoji suka wuce huɗu a kan juna, na ƙasa ba ya fitowa sosai, don haka dole a san waɗanda za a haɗa a kowane darasi. Rubutun gefe ya yi ƙanƙanta ga na bayan aji. Shuɗin da na yi wa jijiyoyi masu dawo da jini kuma ya sa wasu suka ɗauka jinin shuɗi ne. Zan rubuta a fili cewa ja ne mai duhu, launin don bambancewa kawai aka sa shi.

15 ga Afrilu

Na sake rubutun gefe da manyan baƙaƙe, na kuma sa lamba a bakin kowace leda tare da jerin haɗin da ya dace: ƙashi da tsoka da jijiyoyi, zuciya da huhu da haƙarƙari, hanji da hanta da ƙoda.

Saura leda uku. Ta garkuwar jiki an fara ta, saifa da kaluluwar wuya da hammata da matsematsi sun hau. Ta fata ita za ta zama ta sama duka, kuma zan yanka mata taga a dantse don a ga hawa-hawanta da ƙofofin gumi. Faɗinta a jikin baligi ya kusa murabba'in mita 2. Ta haihuwa za ta zama biyu, ta mace da ta namiji, kuma Likita ya yi alkawarin zama da ni mu tsara bayaninta yadda zai zama daidai a ilmance, ya kuma dace da shekarun ɗaliban. Ledar da ta rage ba za ta isa uku ba, sai an ƙaro kafin ƙarshen wata, in sha Allah.